Mama Dakata ta Bakin Jan Layi

Kafin ta fita aiki, maiɗakina takan tsaya a bakin famfon tsakar gida ta wanke hannu kamar ba ta da wani abin yi a duniya. Tafin hannu, bayan hannu, tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce, sannan babban yatsa, wanda ta ce shi ne marayan yatsu don kowa mantawa yake da shi. Ba ta sa zobe, ba ta sa awarwaro. Ta kurɓi shayi a tsaye, ta laluba aljihuna ta tabbatar abin shaƙata na asma yana ciki, ta ɗauki jakar da takalman aikinta ke ƙunshe a leda daban, ta ce, "Malam, sai na dawo." Yawanci bayanta nake yi wa "a dawo lafiya", don kafin in ɗago kai ta kai ƙofa.

Haka muka yi fiye da shekara talatin. Nas ce a babban asibitin garinmu, a sashen cututtuka masu yaɗuwa, kuma a watan da ya wuce ta ajiye aiki. An yi mata ɗan taro a ofis, an sha lemo, an ba ta agogon bango, kowa ya koma bakin aikinsa. Na ga abin bai kai ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Sai dai in faɗa muku tun yanzu, mai kishi ne ya rubuta wannan jinjina. An ce kishi kumallon mata ne, amma wanda ya faɗi haka bai taɓa auren nas ba. Ba da wani namiji nake kishi ba, da duk wanda ta kalla nake yi. Ni tsohon malamin makaranta ne, na saba in shiga aji idanu su dawo kaina. A gida kuwa sai ta dube ni sau ɗaya, ta ga numfashina daidai yake, ta wuce. Alhali a asibiti akwai mutanen da ta zuba wa ido daga kai har ƙafa, ko ƙiftawa ba ta yi, kullum, wata da watanni. Abin da nake so bai da yawa. Ina so idon nan ya dawo gida tun ina da sauran kwanan da zan zauna a gabansa.

Lokacin da annobar nan ta numfashi ta zo, wadda ta rufe makarantu da kasuwanni ta sa kowa ɗaure fuska, sashensu aka mayar wurin killace masu cutar. Aka kawo kayan kariya: doguwar rigar leda, safar hannu biyu-biyu, gilashin ido, takunkumi. Aka koya musu sawa, kowa ya iya. A makonnin farko wata ƙaramar nas da suke kira 'Yar Fara ta kwanta, kuma ba ta tashi ba. Babu wanda zai rantse a kan inda ta kwaso cutar. Amma maiɗakina ta tuna ta taɓa hango ta ita kaɗai a ɗakin canza kaya, ta fito daga wurin marasa lafiya sharkaf da gumi, ta fizge takunkumi tun safar na hannunta, ta share fuska da bayan hannu.

"Ba rashin sani ba ne, Malam," in ji ta, ranar da ta ba ni labarin. "Yarinyar nan ta fi mu duka riƙe karatu. Gajiya ce. Mutum ya yi rabin yini a cikin leda, in ya ga ƙofa, hannunsa ba ya jiran kansa. Da tsoro muke shiga, shi ya sa ba ma kuskure. A wurin fita ne jiki ke saki."

Washegari ta nemo jan tef ta shimfiɗa layi a tsakiyar ɗakin canza kayan. Wancan gefe na datti, wannan gefe mai tsabta. Ta roƙi shugabannin sashen su amince da doka ɗaya, suka amince: ba wanda zai cire ko safa guda sai da mai kallo. Mai kallo yana tsayawa a gefe mai tsabta, hannuwansa a baya, ba waya, ba hira, ba ya taɓa komai. Aikinsa ya kira abu ɗaya bayan ɗaya. Safar waje. Wanke hannu. Riga, naɗe ta ciki ya dawo waje, kada ta taɓa ƙirji. Wanke hannu. Gilashi, ta baya. Takunkumi, ta igiya, a sunkuye. In hannu ya nufi fuska, kalma ɗaya ce, "Dakata." Yawanci ita ce ke tsayuwar, kuma daga nan sunan ya bi ta, har masu gadin ƙofa Mama Dakata suke kiranta. In aka yaba mata sai ta ce ba ita ta ƙirƙiro ba, a littattafan aikinsu yake tun da daɗewa, ita dai tsayuwa ta yi.

Tsayuwar nan kuwa na ji labarinta har ya ishe ni, kuma ba daga bakinta ba. Wani likita da ake ce wa Dogo, saboda sai ya sunkuya yake shiga ɗakin, ya tare ni a kasuwa ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce wata rana yana tsakiyar cire kaya wayarsa ta yi ƙara a aljihun ciki, kuma ya san matarsa ce, don da naƙuda ya baro ta. Hannunsa ya nufi ƙarƙashin riga.

"Dakata," in ji Mama.

"Mama, matata ce, haihuwa za ta yi."

"Shi ya sa. Da hannun nan za ka ɗauki jaririn. Safar waje."

Ya ce wayar tana kuka, shi ma yana kuka a cikin takunkumi, har suka gama. Yaron yanzu ya shiga makaranta. Dogo ya ƙarasa labarin da cewa, "Baba, ka gaishe mana da Mamarmu." Na amsa da fara'a, amma a raina cewa na yi, Mamarku a ina, ni fa na auro ta.

Mai sharar sashen, wata dattijuwa da ba ta ɓoye magana, ita ma ta ba ni nata. Ta ce dokar ba ta bar Mama kanta ba. Wata rana da tsakar rana Mama ta fito daga wurin marasa lafiya ba ta tarar da kowa ba, sai ta tsaya cikin ledar nan, gumi na ɗiga cikin takalminta, tana jira har mai shara ta gama goge baranda.

"Na ce mata, Mama, ni ce zan gaya miki abin da za ki yi? Ta ce, idonki biyu ne kamar nawa, tsaya can ki faɗa. Na tsaya na faɗa, ta bi kamar 'yar makaranta. Tun ranar ban ƙara jin ni 'yar rakiya ce a wurin ba."

Ta san kowa a sashen nan sanin da ni ban samu ba. Ta san direban motar asibiti yana sosa gemu in ya gaji. Ta san wadda ke gyara ɗankwali ba ta sani ba, ta san bahago, ta san wanda ke cewa lafiya lau alhali ƙafafunsa na rawa. Irin wannan sai ta dubi ƙwayar idonsa ta ce, "Kai, yau ba ka komawa ciki, je ka kwanta," kuma ta je ta yi rigimar da shugabanni ita da kanta, don ta ce gajiyayye ya fi rashin kaya hatsari. Ni kuwa na taɓa aske gashin bakin da na yi shekaru ina tattali, na yi ta gilmawa ta gabanta, sai da autarmu ta gaya mata.

A gida, saboda asmata, ta kwashe kayanta ta koma ƙaramin ɗakin bakin ƙofa inda muke ajiye tsohon keke da littattafaina. Kofinta daban, bokitinta daban. Nakan ajiye mata abinci a kan kujera a bakin ɗakin in ja da baya, mu yi hira ta taga, ita da takunkumi. Sau da yawa da la'asar nakan zo da labari mai daɗi da na yini ina ajiye mata, kafin in kai rabinsa barci ya sace ta a zaune. Na san don ni ta yi nisan. Na sani sarai, amma sani ba ya maganin kishi. Baƙi suna samun idonta a farke, ni ina samun ragowarsa.

Maiɗakina, ke ce kika yi watannin nan ba ki taɓa ko yatsana ba don in rayu, kuma na rayu. Ke ce kika riƙe wa masu jinya waya a kunne su yi sallama da 'ya'yansu, kika fito kika faɗa wa dangi gaskiya a bakin ƙofa lokacin da gari ya cika da jita-jita. Mai ido a kan hannun kowa, ban taɓa jin kin ce kin gaji ba, ko da yake na sha ganin sawun takunkumi ya yi miki rami a karan hanci.

Da annoba ta lafa, mutane suka yi abin da mutane suka saba. Bokitan wanke hannu na ƙofar shaguna suka koma na jiƙa wanki. A asibiti, ɗakin canza kaya ya fara karɓar baƙi: yau karyayyen gado, gobe kwalaye, jibi tsohuwar fanka. Jan tef ya ɓanɓare. Sai ta kwashe tarkacen ta sake shimfiɗa wani. Takan shiga sito ta buɗe kwalin takunkumi ta ja igiyar, in ta tsinke a hannunta ta kai wa mai kula da kaya ya gani da idonsa. Lokaci zuwa lokaci kuma ta tara waɗanda ke bakin aiki a yi atisaye. Ta sa musu tsofaffin kayan kariya, ta shafa musu bular wanki a safar hannu, su yi zirga-zirga har gumi ya keto, sannan su zo bakin layi su cire. In an gama kowa ya je gaban madubi, duk inda shuɗi ya fito a jiki, nan cuta ta shiga ke nan.

Wasu sukan yi dariya su ce, "Mama, annoba fa ta wuce."

Ita kuma ta ce, "Wannan ta wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kaya suna ruɓewa a sito, hannu kuma yana mantuwa a jikin mai shi."

Ni a lokacin nan lissafin ritayarta nake yi. Na sayo kujeru biyu masu laushi na ajiye a inuwar tsakar gida. Makon farko bayan ta ajiye aiki ya yi daɗi ƙwarai. Wata safiya ta dube ni sosai ta ce, "Malam, yaushe ka yi furfura haka?" Na ce tun tuni, ke ce ba kya gida. Ko kuɗi aka ba ni ba zan ji daɗin da na ji da tambayar nan ba.

Ba a rufa mako biyu ba sai ga su sun yi sallama: Dogo, wanda yanzu shi ne shugaban sashen, da mai shara, da wata sabuwar nas da ba ta daɗe da gama makaranta ba. Suka zauna a falona, suka sha shayina. Dogo ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya fito fili. Ya ce ana jin ƙishin-ƙishin wani zazzaɓi mai yaɗuwa a wurare masu nisa, mai yiwuwa ya iso, mai yiwuwa ba zai iso ba. Waɗanda suka ga annobar da ta wuce yawancinsu sun tashi, wasu an canza musu wuri, sababbin kuwa a lokacin suna 'yan makaranta. Suna roƙon Mama ta riƙa zuwa wasu ranaku a mako ta horar da masu kallo, har sai kowane rukunin aiki ya samu nasa.

Sai ta ce, "Ku tambayi Malam. Shekarun da suka wuce naku ne, waɗanda suka rage nasa ne."

Duk suka juyo kaina. Rabon da idanu su taru a kaina haka tun ina koyarwa, kuma wannan karon ban ji daɗinsa ba. Na ce zan yi shawara. Gaskiya a'a ce ke bakina, kunyar mai shara ce ta hana ta fita. Da suka tafi maiɗakina ba ta ƙara tayar da zancen ba, kuma shirun nata ya fi roƙo nauyi. A ƙarshe na ce gani ya kori ji, a kai ni in ga abin nan da ya cinye mini mata.

Muka je da hantsi. Ɗakin ƙarami ne, benci ɗaya, madubi mai tsagewa a gefe, kwandon shara mai murfi, sai jan layin. Na ce ni ma a sa mini kayan. Ta ƙi, na nace, ta yarda da sharaɗin ba zan daɗe ba kuma abin shaƙata yana hannunta. Ita da kanta ta shafa mini bular. Ban yi wani aikin kirki ba, gado ɗaya na tura zuwa ƙarshen baranda na dawo, amma kafin in dawo tabarauna ya yi hazo, gumi na shiga idona, numfashina na dawo mini da zafi. Da na hango layin nan ji na yi kamar in yage komai.

Sabuwar nas aka sa ta zama mai kallona, Mama na tsaye a bayanta. Yarinyar ta fara da kyau, muryarta a sanyaye. "Baba, safar waje." Kafin in kama safar, tabarauna ya zame, hannuna ya tashi da kansa ya tura shi sama, ya ƙara da murza gefen ido. Na ga bakin yarinyar ya buɗe, ya rufe. Mama ma ba ta tsayar da ni ba. Muka ci gaba har ƙarshe, na tsallaka layi, na je gaban madubi. Shuɗi a karan hanci, shuɗi a fatar ido.

Maiɗakina ba ni ta fara kallo ba, yarinyar ta juya wa.

"Kin gani?"

"Na gani, Mama."

"Me ya hana ki magana?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Baba ne. Na ji nauyin in ce masa ya dakata."

"'Yata, da yau da gaske ne, da ladabinki ya sa ni takaba." Ta nuna jan layin. "A bakin layin nan babu baba, babu shugaba, babu miji. Hannu ne kawai da fuska. Girmamawar da za ki yi wa babba ita ce ki tsayar da shi."

Sai ta jiƙa tsumma ta matso ta kama haɓata tana goge mini hanci, kamar yadda take yi wa jikokinmu.

Na ce, "Da gangan kika bar ni."

Ta ce, "Na san can hannunka zai je. Da ɗan yatsan tsakiya kake tura tabarau, sannan ka murza idon hagu. Tun muna sabon aure kake yi. Me kake tsammani ya sa na koma ɗakin keke?"

Sai na fake da tari. Ashe ana kallona. Ba irin kallon da na yi ta nema ba ne, amma kallo ne, kuma shi ya tsare ni. Na dubi yarinyar nan da ke share hawaye, na tuna a kowane rukunin aiki akwai irinta, masu ilimi da tarbiyya, waɗanda kunyar manya za ta rufe wa baki ranar da ba bula ce a safar ba. Na ce wa Dogo na yarda.

Kada wani ya ɗauka kishin ya warke. Ranakun da take zuwa, nakan zauna ni kaɗai a inuwa ina jin haushin asibiti da duk wanda ke cikinsa. In ta dawo tana ba ni labarin yadda yarinyar nan ta daka wa Dogo "Dakata" har ya daskare a tsaye, nakan yi dariya, amma ina lura da yadda fuskarta ke haske da zancensu.

Duk da haka, na gode miki, uwar 'ya'yana. Na gode a madadin waɗanda suka koma gida lafiya ba su san an tare musu komai ba, da matansu da mazajensu da ba su san sunanki ba. Allah ya saka miki da alheri, ya kare idon nan da hannun nan.

Ku kuma masu riƙe da asibitoci, kada ku jira sai an fara ɗaukar gawa kafin ku kwashe karyayyun gadaje daga ɗakin canza kaya. Ku ja igiyar takunkumin da ke sito tun yau. Manya, in ƙaramin ma'aikaci ya ce ku dakata, ku dakata, ku gode masa. Ku yara masu tasowa, ku tsaya inda ta tsaya, hannu a baya, ido a buɗe, ku koyi buɗe baki a gaban kowa. Kuma don Allah ku koya da sauri. Aro na ba ku, ba kyauta ba, ni kuma tsoho ne mai asma, ban san iya abin da ya rage mini na jira ba.